Tagar da Mama Ta Bari a Buɗe

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da matarka da jaririyarku. Na gaishe ka ne don haka aka koya mana, ba don raina yana so ba.

Muryar kwamfutar Baba ta ɗauke. Na yi ta kiran wayarka ana ce mini kana taro, shi ya sa na zauna na rubuto, ko ka karanta tsakanin wannan taron da wancan. Tunda ka daɗe ba ka taka gidan nan ba, bari in tuna maka halin da ake ciki. Idon Baba yanzu bai wuce ya bambance taga da bango ba. Littafinsa na gyaran famfunan ruwa, wanda ya ce shi zai bar wa yaran da ya koyar, da Mama ce take buga masa yana faɗa. Tun da ta rasu shi yake buga abinsa: ya danna harafi murya ta faɗa masa, ya gama layi ta karanto masa. Kai ka haɗa masa wannan, na kuma yaba maka a lokacin, kada ka ce ban taɓa ba.

Ranar Litinin ya zauna kamar kullum, ya danna hoton fensirin nan da ka girmama masa a kusurwar allo, manhajar rubutu ta buɗe, amma shiru. Ya daure ya buga sakin layi guda a haka. Da na zo na duba, ashe yatsunsa sun goce gefe, babu kalma ɗaya da za ta karantu. Ya ce in karanta masa. Na fara haɗa haruffan na kasa, ya gane.

Yanzu ya ɗora wa kansa laifin. Wai shi ya lalata, tsufa ya kai shi inda ko na'ura ba ta jin maganarsa. Ya daina aske gemu, ya daina fitowa falo, mai yi masa girki ta ce yadda ta kai kwano haka take ɗauko shi. Abu ɗaya yake tambaya da safe: ko wutar caja tana ci. Ka san Baba ba ya bari a kashe laftof ɗin nan.

Kafin ka tambaye ni, na duba lasifika, waƙa tana fita ras. Ni ma'aikaciyar ɗakin karatu ce, ba injiniya ba, amma na iya bambance kurma da bebe. Ka duba abin nan yau.

Yayarka

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa. Muna lafiya, yarinya ta fara haƙori, babu mai barci a gidan nan.

Ki kwantar da hankalinki, ƙaramin abu ne. Na shiga kwamfutar daga nan da sunana, na gwada mai karatun, wato muryar da ke karanta wa Baba, yana magana lafiya lau. A wurina komai yana aiki.

Akwai wani ɗan bayani da na ajiye a cikin kwamfutar, na sa masa suna MURYA. Shi ke gaya wa manhajar rubutu inda za ta sami mai karatun. Ki buɗe baƙar tagar nan ta umarni, ki rubuta echo $MURYA daidai yadda na rubuta, ki gaya mini abin da ya fito. In ya ƙare da kalmar "sabo", to komai daidai ne, sai ki sake danna fensirin.

Ki gaishe da Baba, ki ce masa ba shi ya yi komai ba. Na gode da ƙoƙarinki.

Ƙaninki

*

Auta,

Gaisuwa. Allah ya raya yarinya, ya sa ta fi ubanta sauraron mutane.

"A wurina komai yana aiki." Na karanta jimlar nan har na haddace ta. Ina taya wurinka murna. Sai dai Baba ba a wurinka yake zaune ba, yana nan a ɗakin da Mama ta bari, a kan kujerar da ƙafarta ɗaya ke rawa.

Na buɗe baƙar tagar, na rubuta abin da ka ce, ya fito, ya kuma ƙare da "sabo". Na danna fensiri, shiru. Na ce to bari in gwada wayona, na kira manhajar daga cikin baƙar tagar kanta, tunda ita ta san hanya. Taga ta buɗe, shiru. Baba yana daga gado yana jin ƙarar madannai, ya ce in bar wahalar da kaina in tafi aiki. Na tafi a makare, shugabarmu ta dubi agogo ta dube ni, ni ma na dube ta har ta sunkuyar da kai.

A hanya ne abin ya faɗo mini. Me ya sa "sabo"? Abin da ake kira sabo, akwai tsohonsa. Wa ya taɓa tsohon, kuma yaushe? Baba bai san akwai baƙar taga ba, mai girki tsoron taɓa laftof ɗin take, ni kuwa sai jiya na fara. Ya rage mutum ɗaya da yake shiga gidan nan ta waya, ba sallama ba ƙwanƙwasa ƙofa, ya sauya wa tsoho makaho wurin kayansa ya fita.

Ba na son "ki kwantar da hankalinki". Ka gaya mini abin da ka yi ranar Lahadi, da Hausar da zan fahimta.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma ba da haƙuri. Ni ne. Na sami mai karatu da ya fi tsohon daɗin murya, na ce bari in yi wa Baba bazata. Na cire tsohon, na saka sabon a wani wuri, na gyara MURYA ya nuna sabon wurin. Na gwada ta ɓangarena ya yi, na rufe na tafi.

Ga abin da na manta. Kowace manhaja, lokacin da aka buɗe ta, ana miƙa mata ɗan guzurin bayanai: ga harshenki, ga inda kaza yake, ga MURYA. Da wannan guzurin take tafiya har a rufe ta, ba ta komawa ta tambaya ko an sauya. Baƙar taga sabuwa ce duk lokacin da kika buɗe ta, shi ya sa take ganin sabon. Amma zaman da ke kan allon Baba, da hotunansa da fensirinsa, na duba na ga tun shigar da Mama ta yi ne da sunanta, ba a taɓa fita ba. Tsohon guzuri yake rabawa.

Na gyara fensirin yanzu, zai riƙa miƙa sabon da kansa, ba sai an fita daga zaman ba. Saura abu ɗaya. Manhajar rubutun nan ba ta yarda ta zama biyu. In tana buɗe, duk kiran da aka yi mata sai tsohuwar ta amsa ta ƙaro taga. Kuma tana buɗe: akwai wata taga a can ƙasa, shafin da Mama take bugawa, ba a adana shi ba. Ita ke riƙe da komai.

Ki kwafe abin da ke shafin ki adana, ki rufe manhajar gaba ɗaya, ki danna fensiri. Murya za ta dawo, na yi miki alkawari. Aikin minti ɗaya ne.

Ƙaninki

*

Auta,

Gaisuwa a taƙaice.

Na yi yadda ka ce. Na nemo tagar Mama, rabin shafi ne kan yadda ake sauya robar da ke hana famfo yoyo, ya tsaya a tsakiyar jimla. Na kwafe, na adana wuri biyu. Na ce wa Baba albishirinsa, yanzu zan rufe wannan tsohuwar tagar murya ta dawo. Mutumin da ya kwana biyu sai an kama shi yake tashi, ban san lokacin da ya iso tebur ba. Ya riƙe mini wuyan hannu har yanzu da shaidar yatsunsa.

Na ce masa na kwafe komai, ko ɗigo bai ɓata ba. Ya ce abin da na kwafe ba shi ne abin ba. Ya sa na ɗora yatsa a kan maɓallin koma-baya, wanda ke warware abin da aka buga, ya ce in danna a hankali in riƙa duba allo.

Auta, kalmomi suka riƙa janyewa, wasu kuma da aka goge suka riƙa dawowa. Inda Baba ya ce a kwance murfin a hankali, ga abin da uwarka ta buga kafin ta goge: "a hankali, ba irin yadda mai littafin nan ya kwance namu ya jiƙa mini katifa ba." Gaba kaɗan ta rubuta cewa malam ya tsaya tari, mai bugu za ta sha ruwa. Wani wuri ta buga kalma ɗaya ba daidai ba har sau uku, ta rubuta wa kanta "kai, tsohuwa", ta goge. Yana faɗa tana tsokanarsa a allo, tana sharewa kafin ta karanto masa, shi bai sani ba. Bayan rasuwarta ne hannunsa ya faɗa kan maɓallin bisa kuskure, murya ta karanto masa zancen katifa.

Tun daga ranar, kowace safiya kafin ya fara aiki, sai ya koma baya har farkon shafin, ya dawo gaba har inda ta tsaya, murya tana faɗa masa harafi harafi. Watanni yana wannan, ni ina shiga ina fita da kwanuka da magunguna ban sani ba. Na ɗauka tsoron lalacewar batir ne ya sa yake tambayar caja.

Ya ce da ni, "In kin rufe, shafin zai tsaya yadda ta bar shi. Ni kuma ba yadda ta bar shi nake so ba, yadda take yin sa nake so."

To ga aikin minti ɗayanka. In an rufe, murya ta dawo, Mama ta tafi. In an bari, Mama tana nan amma ba ya jin ta, ba ya kuma rubutu. Kafin bazatarka yana da duka biyun. Na karanta littattafai da yawa da ake kashe mutum a cikinsu da wuƙa ko da guba, ban taɓa cin karo da wanda aka yi da kyauta ba.

Ka mayar da tsohon inda ka same shi. Kada ka rubuto mini bayani, ka rubuto mini cewa ka mayar.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na karanta wasiƙarki a ofis, sai da na fita waje na tsaya.

Na mayar da tsohon inda yake tun kafin in amsa miki. Bai yi ba. Manhajar sau ɗaya take kama mai karatun, lokacin buɗewa. Da na cire shi igiyar ta tsinke, kuma ba ta sake nema sai an rufe ta an buɗe. Na nemi hanyar zaro tarihin koma-bayan daga cikinta tana buɗe. Na gwada a tawa kwamfutar da irin manhajar, duk gwajin da na yi sai ta mutu a hannuna. Ba zan gwada a kan ta Mama ba.

Abin da na iya shi ne na saka wata manhajar rubutu dabam, hoton littafi ne kusa da fensirin. Ita tana magana. Ko Baba zai yi aiki da ita, a bar tagar Mama yadda take.

Amma Yaya, ki sani, tagar nan ba za ta dawwama ba. Batirin ya tsufa. Ranar da wuta ta daɗe ba ta dawo ba, ko wani ya taka waya, shi ke nan. In za ki iya, ki bi shi mataki mataki ki rubuta da hannu. Ki kula da abu ɗaya: in kin koma baya, kada a danna kowane harafi kafin a dawo gaba. In aka danna, duk abin da ke gaba ya goge.

Na nemi hutu, sun ce sai ƙarshen wata. Ban san abin da zan ce wa Baba ba, shi ya sa ban kira shi ba. In akwai inda ta ambace ni a ciki, ko zagi ne, ki gaya mini.

Ƙaninki

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa.

Sabuwar manhajarka ta yi kwana biyu. Maɓallanta ba inda yatsun Baba suka saba suke ba. Ya nemi adanawa ya share sakin layi, ya nemi dawo da shi ya buɗe wani abu da ya yi ta surutu ba ya tsayawa. Ya ture laftof ɗin ya ce shi ya wuce shekarun koyon sabon gida. Likita ya zo, ya auna shi, ya ja ni gefe ya tambaye ni ko akwai abin da ke damun tsohon ban da ido. Na ce masa akwai, amma ba ya cikin littafinsu.

Sai na zama ni ce muryar. Kullum kafin in tafi aiki ina zama kusa da shi, ina dannawa ina karantawa, yana gyara mini inda na yi sauri. Ya haddace abin tsaf, har inda ta daɗe ba ta buga komai ba yakan ce in dakata, wai nan ta tashi duba tukunya. Ran nan ya yi dariya, ya kuma ci rabin abincinsa. Amma da na ce ya faɗa in buga masa littafin, ya ce a'a, ya riga ya gajiyar da mace ɗaya a kan kujerar nan. Ka tambaya ko ta ambace ka. Ta ambata. Ta rubuta cewa a tuna a kira Auta, yaron nan ba ya cin abinci in aiki ya sha masa kai. Ni ba ta ambace ni ba, ina tsammanin don ina ɗaki na gaba ina wanke mata kaya.

Yanzu ga abin da ya hana ni rubutowa. Na fara kwafewa da hannu yadda ka ce, daga farko, na kai kusan rabi. Shekaranjiya na koma baya, na ɗora takarda a gefen madannai ina rubutu, Baba ya ce in miƙo masa ruwa. Na miƙa hannu, awarwarona ya sauka a kan dogon maɓallin nan na tazara. Ƙarar ko ta motsin ƙuda ba ta kai ba. Na danna dawo-gaba, babu. Na sake, babu. Na warware tazarar, na sake gwadawa, babu. Ka faɗa mini, na karanta, na fahimta, har na ja layi a ƙarƙashinsa.

Rabin ƙarshe ya tafi, Auta. Yinin ƙarshe da ta zauna a kujerar nan. Shafin da na adana yana nan, amma tsokanar da kurakuran da "kai, tsohuwa" duk suna cikin abin da ya tafi. Makonni ina zaginka a kan abin da ka yi daga nesa ba ka sani ba, ni kuwa ina zaune a kai, da gargaɗi a hannuna.

Baba yana riƙe da kofi ya ce in ci gaba. Sai na ci gaba. Na riƙa danna maɓallin da ba ya yin komai don ya ji ƙara, ina kallon farin allo ina karanto masa daga kaina. Na ji abin sau da yawa, ina ganin ban yi kuskure ba. Na kai har tsakiyar jimlar da ta tsaya. Ya ajiye kofin ya ce, "Kin iya karatu. Tafi aiki, kada matar nan ta sake duba miki agogo."

Jiya ma haka na yi, yau ma haka. Bai gane ba. Ban san kwana nawa zan iya ba, kuma duk safiya ina jin wata kalma tana zame mini. Na zauna na rubuta abin da na tuna, amma na kasa rantsewa cewa nata ne ba nawa ba.

Kada ka gaya masa. In ka taɓa jin maganata sau ɗaya a rayuwarka, to wannan ce. Ka kira shi dai, ku yi hirar yarinya da haƙoranta, yana son ji.

Ka gaida matarka. Ka ci abinci.

Yayarka

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Ni ne da kaina nake bugawa, in ka ga kuskure nawa ne.

Yau da yayarka ta tafi aiki na lalubo tagar na rufe da hannuna. Manhajar ta tambaye ni ko a adana, na ce a'a, ko da yake ban ji tambayar ba, na san tana yi. Na danna fensiri. Sabuwar muryar taka tana da sauri kamar mai bin mota, in ka zo ka rage mata. Kada ka rage daga can.

Yayarka ta tsallake wurin da uwarku ta rubuta sunanta ta ce yarinyar nan za ta kashe kanta da hidima. Yana cikin rabin ƙarshe, ita ba ta taɓa karanta mini shi da ƙarfi ba, takan yi tari ta wuce. Ranar da na nemi ruwa ba ta yi tarin ba, kuma maɓallin da take dannawa ƙararsa ɗaya ce amma numfashinta ba ɗaya ba ne. Tana zaton ban sani ba. Zan ce mata na gaji ne na rufe. Kai ma haka za ka ce.

Na shiga babin bututu. Ka kawo mini jikata in taɓa fuskarta.

Mahaifinka